Waldar Dogo

Ya sake shafa mai a jikin bututun, ya ɗora bakin na'urar, ya ja a hankali. Na'urar tana tura sauti cikin ƙarfe, sautin ya dawo ya zana layi a allo. Inda ƙarfe ke lafiya, layin kwanciya yake yi. A nan kuwa sai ya yi tsalle, karo na uku ke nan.

An kashe tashar nukiliyar kwana goma don a duba bututan ruwan da ke sanyaya ta. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, har sunansa ya ɓace, kowa Kunne yake ce masa.

"Baba Kunne, lafiya?" in ji injiniyar sashen, tana leƙen allon.

"Tsaga ce a cikin waldar. Ba ta kai ƙwayar shinkafa ba."

Ya goge man da tsumma, sai ga ɗan tambarin mai walda da aka buga da guduma: harafin D. Hannunsa ya tsaya.

Rana ɗaya aka ɗauke su aiki shi da Dogo mai walda, lokacin ginin ko rufi babu. A kan wannan bututun suke zama su ci abincin rana, ƙafafu na reto. Dogo ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Kunne, ranar da ka kama aibi a aikina, zan aske gemun nan." Har aka kai shi makwancinsa, shekara shida da suka wuce, gemun yana nan.

"Manaja yana so a tayar da tashar jibi," in ji injiniyar. "Tunda ƙarama ce, ko a sa mata ido zuwa baɗi?"

"'Yata, ƙarfe ba ya jin a yi haƙuri. Mai waldar da kansa, da yana raye, da ya ci mutuncina in na bar ta."

Ya zaro alli, ya kewaye wurin, har da tambarin. Ya sa hannu a takarda.

"Kafin a yanke, a kira ni."

"Ba sai ka zo ba, Baba."

"Na sani."

Ya ja akwatinsa zuwa walda ta gaba. Ita ma da harafin D. Ya shafa mai, ya ja na'urar, layin ya kwanta lumus.

"Ka sha a wannan, Dogo," ya ce ƙasa-ƙasa.