Rainon Ɗan Bene Na Huɗu

Shekara ashirin da bakwai Iya ta yi tana rainon 'ya'yan mutane. Wasu da ta goya har sun tsayar da gemu. Amma duk gidan da ta faɗi albashinta sai a riƙe baki.

"Haba Iya! Ai wannan kuɗin hayarmu ne. Yarinya ma za ta yi a rabinsa."

Shi ya sa ta yi mamaki da matar bene na huɗu, wata ramammiyar ma'aikaciyar banki, ta amince ko tayi babu.

"Masu arha biyar na ɗauka," in ji matar. "Babu wadda ta kai azahar."

Ta kai Iya ɗakin yaron. Rana ta cika ɗakin, ga kwalbar madara a wanke, ga ƙamshin hoda. Gadon jinjirin kuwa ba kowa, sai dai katifar ta lotsa a tsakiya.

"Ina yaron, 'yata?"

"Wata biyar ke nan da muka binne shi, yana ɗan wata biyu." Ba ta ɗago ido ba. "Amma kullum ƙarfe goma na safe sai ya tashi da kuka. Maƙwabta sun fara ƙorafi, ni kuma dole in je aiki."

Ta rataya jaka ta fita.

Goma na bugawa kukan ya ɓarke. Tsigar jikin Iya ta tashi, har ta kama mariƙin ƙofa. Sai kunnenta ya tsayar da ita. Wannan ba kukan yunwa ba ne, ba na jiƙa ba. Gyatsa ce ta maƙale wa bawan Allah.

Ta yi bisimilla, ta zura hannu biyu cikin gadon. Ta ji nauyi, ta ji ɗumi. Ta ɗora shi a kafaɗa tana bubbuga bayan da ba ta gani. Can sai ga gyatsa, sai numfashi a wuyanta. Ɗakin ya yi tsit.

Da yamma matar ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Iya, gobe za ki dawo?"

"Zan dawo. Lahadi dai hutuna ne." Ta goge yawun da ya jiƙa mata kafaɗa. "Kuma ki sayo masa kaya manya. Girma yake yi. Ɗazu ya cije ni, haƙora biyu na ji."