Ganyen Dafodil

Shekara talatin da ɗaya ina kula da lambun tsohon gidan nan, tun mai gidan yana da rai, kafin magada su miƙa shi ga kwamiti a buɗe wa 'yan kallo. Abin da ke kawo baƙi a watan Maris shi ne gangaren bayan tafki, inda furen dafodil ke rufe ƙasa, rawaya har ido ya gaji. Duk mai lambu ya san ƙa'idarsa: in furen ya bushe, sai a bar ganyen mako shida yana muninsa, don da shi saiwarsa mai kama da albasa da ke cikin ƙasa take tara ƙarfin baɗi. A cikin wannan duhuwar kuma zomayen daji ke ajiye 'ya'yansu.

Sai aka kawo mana sabuwar manaja, Madam Pennock, mai yawo cikin laka da takalmi mai tsini.

"Baba Wilf, wannan wace irin ƙazanta ce?" in ji ta. "Asabar akwai biki a nan. A bola amarya za ta yi hoto?"

"Ranki ya daɗe, saura mako huɗu. In kika aske shi yau, baɗi sai dai ki zana furen da fenti."

Ta kwashe da dariya. "Kai dai tsufa ya sa har ciyawa kake jin tausayi."

Na ce ni dai ba zan hau injin yankan ciyawa in aske shi ba. Ta jira ranar hutuna, ta ɗauko 'yan kwangila daga gari. Da na dawo, gangaren ya yi fes kamar kan jariri ranar suna. Na tsinci 'ya'yan zomo uku da injin ya bi ta kansu, na binne su a gindin tuffa. Ban taɓa tsanar mutum ba kamar yadda na tsane ta a ranar.

Aka yi biki, hotuna suka yi kyau, kwamiti ya yaba wa Madam.

Maris ya zagayo, sai ganye zalla, fure ɗaya nan ɗaya can. Baƙi suka yi ta ƙorafi a ƙofa. Ta kira ni ofis.

"Kwamiti yana ganin lambun ya fi ƙarfinka yanzu, Baba."

"Kin faɗa musu wanda ya sa aka aske?"

"To, wa ke da lambu, ni ko kai?"

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar sallamata aka yi shayi da kek, Madam ta miƙo mini kati daga shagon sayar wa baƙi tsaraba na gidan. Hoton gangaren ne a jikinsa, cike da fure, na shekarun baya. A ciki ta rubuta da hannunta: "Ba za mu manta da furanninka ba."