Gadajen Aro

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a gida ba a cika jin muryata ba. Amma abin ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi wucewa.

Shara nake yi a ƙaramin asibitin unguwarmu. Shugaban ƙaramar hukuma ne ya sa aka ɗauke ni, domin marigayi babana ya shekara ashirin yana tuƙa mahaifinsa, lokacin da shi ma yake kan kujerar. Haka gidan yake: uba ya sauka, ɗa ya hau. Ƙanen shugaba ke yin kwangila, ƙanwarsa ke riƙe da sashen lafiya, mijinta kansila ne. Uwarsu kuwa ba ta da ofis, kowa Mama yake ce mata, amma babu takardar da za ta kai teburin shugaba ba ta fara biyawa ta falonta ba.

A lokacin Innata ta kwana huɗu a asibitin, ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar. A tabarma take kamar kowa, don gadajenmu sun daɗe da karyewa.

Da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofa. Aka sauke gadaje goma sha biyu, da katifu cikin leda, da ƙarafan rataya ruwa. Ƙanwar shugaba ta shigo tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Ke mai shara, kwashe waɗannan tsummokaran ki ƙone. Mama za ta zo buɗe ɗaki, ba za ta ga wannan ƙazanta ba."

"Ranki ya daɗe, tabarmin masu jinya ne."

"Ga gado, me za su yi da tabarma? Ko ke ma sai an yi miki allurar hankali?"

Na tattara su, har da ta Inna, na cinna musu wuta a bayan gini.

Muka ɗora Inna a gado na uku. Babbar nas ta murɗa wani ƙarfe, kan gadon ya ɗaga. Inna ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda rabon da ta ja tun kafin a kawo ta.

"'Yar nan, ashe haka iska take shiga? Allah ya yi wa gidan nan albarka."

Ina goge ƙafafun gadajen na ga tsatsa a ƙarƙashin sabon fenti, ledar katifa kuma an sha liƙe ta da salatif. Na kai hannu zan yage.

"Kul," in ji nas, ba ta ko dube ni ba. "An ce kada a cire."

Da rana Mama ta iso da jama'arta. Aka yanke ƙyalle, aka tafa. Shugaba ya ce wannan ne asibiti na uku da suka cika da kaya a wata guda. Mama ta bi gado gado da masu hoto, har ta zo kan Inna.

"Af, ai matar direbanmu ce. Kun gani? Mu ba ma manta namu."

Ta kama hannun Inna har aka gama ɗauka. Tana juyawa aka miƙo mata hankici, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarfe huɗu, bayan kowa ya watse, motar nan ta dawo. Ƙanen shugaba ya shigo yana kaɗa makulli, 'yan dako na bayansa.

"To, a sauko da su. Gobe akwai buɗe ɗaki a mazaɓar gaba."

"Yallaɓai, akwai masu ruwa a hannu," in ji nas.

"Sai ki riƙe musu robar mana, Sista. Ba aikinki ba ne? Na dindindin suna hanya."

"Tun zamanin babansa suke hanya," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. "Yallaɓai, don Allah a bar guda ɗaya. Idan ta kwanta a ƙasa ba ta iya numfashi."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ba 'yar direba ba ce? Wa ya ba ki tsintsiyar nan da kike riƙewa? Goma sha biyu muka faɗa, goma sha biyu za a gani gobe."

Da hannuna na sauko da Inna. Babu tabarma, sai na shimfiɗa mayafina a kan siminti, na zauna a bayanta ta jingina da ƙirjina. Ina jin yadda iskar take tsayawa a rabi.

"Yi shiru," ta raɗa mini. "Ki tuna da aikinki." Sannan ta ɗaga kai ta ce masa, "Mun gode, ɗana. A gaida Mama."

Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai. Shi kuwa daɗi ya ji. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Kin iya goge-goge. Gobe ki biyo motar, ki gyara mana can."

Washegari na kira yayata daga gida, na bar Inna jingine da ita, na hau bayan motar tare da gadajen. Can ma a tabarma na tarar da masu jinya. Ƙanwar shugaba ta toshe hanci, ta ce in ƙone. Na ce to.

Na naɗe su ɗaya ɗaya, na jera a bayan tankin ruwa. Na tara kwalaye da busasshen ganye na kunna, don ta ga hayaƙi ta taga. Da na koma ɗaki, wata tsohuwa tana shafa ledar katifarta tana murmushi. Na sunkuya kamar ina goge ƙafar gadon.

"Iya, tabarmarki tana bayan tanki. Ƙarfe huɗu ki aika a ɗauko."

"Me zan yi da ita kuma, 'yata?"

"Ki dai aika," na ce, na wuce gado na gaba.