Abin da Fomatin Ya Rage

Ranar da aka ɗauke wuta a unguwar Bulpiela ta Tamale, Zakia na zaune bakin gado da kwamfutarta a cinya, tana zaɓen inda za a yanko daga muryar mahaifinta don a sa a lasifika ranar sadakar arba'in ɗinsa. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, da igiya kawai take rayuwa. Fanka ta tsaya, allon ya mutu tare da ita.

A ƙarshen ciwon Alhaji Zubeiru, Zakia ce mai jinya. Takan ajiye waya kusa da matashinsa ta bar shi ya yi ta zuba: yadda kakansa ya baro Kano da fatake, zamansu a Salaga, abin da ya koro su Tamale. Duk gidan ba wanda ya taɓa tambayarsa sai ita. Da wayar ta cika, ta kwashe komai zuwa kwamfutar, ta goge na wayar. Muryar tsohon ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan tsohon mashin.

Tun tana jami'a ta sa masa Linux maimakon Windows, don shi kaɗai mashin ɗin ke iya ɗauka ba nishi. A gida kuwa abin dariya ne. Cewa suke kwamfutar Zakia irin mai ita ce, ba ta bin hanyar mutane.

Da wuta ta dawo ta kunna, sai ga baƙin allo da farin rubutu. Ko gezau ba ta yi ba. Ɗaukewar wuta ta sha yi mata haka. Maganin ta san shi kamar sunanta: a rubuta umarnin gyara na fsck da sunan faifan ajiyar kwamfutar, a amsa masa e ga duk abin da ya tambaya, a sake kunnawa. Ta ɗora yatsu ke nan Gwaggo Safiatu, ƙanwar marigayin, ta ɗaga labule.

"A'a! Ke Zakia! Ƙasar kabarin ubanki ba ta bushe ba kina nan kina danne-danne? Mata sun tafi unguwar Kalpohin ƙullun masar sadaka, 'yar mamaci kaɗai ake jira."

"Gwaggo, aikin Baba nake yi. Yanzu zan gama."

"Aikin Baba yana gindin murhu. Ɗauko mayafinki."

Ta tashi, haƙoranta a cije. A bakin ƙofa ta tarar da yayanta Abdul-Baki yana leƙen allon.

"Ta lalace ne?"

"Ba ta lalace ba, Yaya. Kar kowa ya taɓa min ita."

A Kalpohin ta kwana, cikin hayaƙi da ƙullu da matan da ke ba ta haƙuri suna duban ko tana kuka yadda ya kamata. Washegari da hantsi ta dawo ta sami kwamfutar a kan gado, an goge ta tas har tana ƙyalli. Abdul-Baki na tsaye yana murmushi, irin wanda bai yi ba tun rasuwar.

"Buɗe ki gani," in ji shi.

Ta buɗe. Shuɗin allon Windows ya haska mata fuska.

"Na ga kina wahala, ga sadaka ta matso. Na kai wa Dramani a kasuwa. Ya ce bairos ne ya cinye ta."

Zakia ba ta yi ihu ba. Ta danne maɓallin har mashin ɗin ya mutu, ta zare igiyar, ta rungume shi ta tari yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa kasuwa.

Dramani mai gyara na cikin kwantenarsa tsakanin gawarwakin wayoyi, yana shan koko a leda. Hausarsa ta kasuwa ce, ka da ki duk ɗaya ne a bakinsa.

"Madam, ka zo godiya? Ba komai, yayanka abokina ne."

"Ina abin da ke cikin faifan?"

"Ba komai ciki! Wallahi na duba. Na cire shi na sa a nawa mashin, mashin ya ce wannan faifai fanko ne, sai an yi fomatin."

"Mashin ɗinka bai iya karanta shi ba ne. Rashin iya karatu daban, rashin rubutu daban."

Dramani ya yi dariya, ya nuna layin kwamfutocin da ke jiransa. "Duk wanda ya zo nan da baƙin fuska, fomatin muke ba shi, ya tashi garau. Ban taɓa jin ƙara ba. Har fim da gem na zuba maka kyauta."

Zakia ta san abin da hakan ke nufi. Fomatin kaɗai ba ya kashe abu, sunansa yake sharewa, ya bar shi kwance a ƙasa. Sabon abin da aka zuba a kai shi ke binne shi. Kowane fim na kyautar Dramani a kan bakin ubanta ya zauna.

Ta aro faifan waje a wurin ƙawarta Sadia. Ta tayar da mashin ɗin daga filashin Linux da ke maƙale a makullanta, don kada a ƙara rubuta ko ɗigo a kan faifan ciki, ta saki manhajar tono, ta ce duk abin da aka samu a zuba a na Sadia. Abubuwa suka riƙa fitowa ba suna, sai lambobi. Ta sa abin ji a kunne tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Waƙar bikin wata. Rabin lacca. Harbe-harben fim. Wuta ta ɗauke, ta jira, ta sake daga farko. Aka sake ɗaukewa, ta sake.

Gwaggo Safiatu ta shigo ta zauna kusa da ita, ta sassauta murya.

"Yayanki ko tuwo ya kasa ci. Alheri ya yi nufi. Shi ne uba yanzu, ki je ki ce masa ya wuce."

"Na ce kar a taɓa, Gwaggo."

"To an taɓa. Sai ki kashe shi?"

"Ba zan kashe shi ba. Amma bai wuce ba, ba kuwa zan ce ya wuce ba."

Ranar sadaka aka kafa rumfa a ƙofar gida, malamai suka sauke karatu, aka raba masa. Abdul-Baki ya riga ya gaya wa dangi za su ji Alhaji da bakinsa, har na Salaga sun zo. Zakia ta fito daga cikin mata, kanta a ɗage, ta miƙa wa mai lasifika filashi. Cikin duk abin da ta ɗauka, guda ɗaya tak ta tsira.

Aka ji gyaran murya, sai tarin nan da kowa ya sani. Wata tsohuwa ta yi salati.

"Zakia, abin naki ya fara ɗauka? To, madalla. Kakana Mamudu ya baro Kano da jakuna, shekarar da ruwa ya ƙi. Da suka iso bakin kogi, sai madugu ya ce masa…"

Daga nan sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano.

Wani dattijo daga Salaga ya karkato kunne. "Sai ya ce masa me?"

Abdul-Baki ya rufe fuska da hularsa.

Bayan an watse, Zakia ta kwance cikin mashin ɗin ta ciro faifan, ta naɗe shi a rawanin mahaifinta ta sa ƙasan akwati, ko wata rana a sami mai tonon da ya fi nata. Sannan ta zauna a tabarmar da ta yi jinya, ta ajiye waya a kan matashin, ta danna ɗauka.

"Sai madugu ya ce masa, wanda ya haye ba ya komawa," ta faɗa. Wannan ta tuna shi sarai.

Sunan kogin ne ya ƙi zuwa. Ta zauna tana jiransa, wayar na ta ɗaukar shirunta.