Layin Bayan Madu

A shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, babu wanda ya kai Madu jin daɗin duniya a Babura. Tsohon kansila ne tun siyasar farko, ya sha hawa kan teburi yana lacca har muryarsa ta dushe. Soja suka ɗaure masa baki shekara da shekaru, yanzu ga shi an kwance. Kullum da hantsi yana rumfar mai shayi a bakin kara, inda ake cinikin shanu, rediyo a cinya, yana yanke wa masu neman shugabancin ƙasa hukunci.

"Ƙasa ba gonar gwaji ba ce," in ji shi. "Wanda bai taɓa shan jifa a wurin lacca ba, da me zai riƙe Nijeriya? A ba tsohon hannu."

Kowa sai ya gyaɗa kai don girmansa, ban da Hamma, wani dattijon makiyayi. Madu Babarbare ne, Hamma Bafulatani, tsakaninsu kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni: kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi.

"Tsohon hannu ko tsohon baki, bawana?" Hamma zai ce. "In surutu ne ke riƙe ƙasa, ai da aku aka naɗa."

Ana nan sai ƙungiyar 'yan kara ta tashi zaɓen shugaba, Madu ya ce yana so. Kuma da gaske yake so. Tun da aka rushe majalisa ba a ƙara kiransa komai ba sai tsohon kansila, wannan "tsohon" kuwa yana masa ciwo fiye da yadda yake nunawa. Abokin takararsa Muhammadu Lawal ne, matashin dillali mai sabon babur, wanda bai san komai a siyasa ba sai yawan abokai.

Madu ya bi rumfa-rumfa yana tuna wa mutane aikinsa, har da lokacin da ya tsaya kai da fata ya hana a nome burtalin shanu. Da ya je wurin makiyaya, suka saurare shi suna kallon ƙasa. Hamma kaɗai ya tanka: "Allah ya ba mai rabo."

Ranar zaɓe aka yi yadda aka saba. 'Yan takara su tsaya su fuskanci bango, kowa ya bi bayan wanda yake so, kuma ɗan takara ba ya waiwaye sai an gama ƙirga, don kada kunya ta ja wani inda ba ya so.

Madu ya tsaya ya kasa kunne, don ya yarda da kunnensa kamar yadda manomi ya yarda da ƙamshin hadari. A hagunsa, bayan Muhammadu Lawal, ƙasa har girgiza take: tafi, fito, kirari. A bayansa kuwa shiru, ko tari babu. A siyasar da ya sani, inda babu hayaniya babu jama'a. Ya ga kansa gobe a rumfar mai shayi, tsohon hannun da yaro ya kayar.

Sai gogewa ta yi aikinta. Kafin a fara ƙirga ya taka zuwa wurin yaron ba tare da ya waiwaya ba, ya kama hannunsa ya ɗaga sama.

"Jama'a, na janye! Mu mun yi namu, a ba yara su gwada."

Wuri ya kaure. Muhammadu Lawal ya durƙusa yana cewa, "Baba, ban isa ba, ai sai da shawararka." Dattawa suka yi ta sa wa Madu albarka, ana cewa an ga dattako yau. Ya koma rumfa ransa fes, yana yaba wa kansa dabara.

Da yamma suna tafiya gida, Hamma ya dube shi a kaikaice.

"Bawana, ka kuwa waiwaya?"

"Me zan gani? Kunnena ya gaya mini."

"To layinka sai da ya kai bakin rijiya. Duk makiyayan da ka bar wa burtali suna nan. Mu ba ma ihu a bayan mutum, tsayawa muke yi."

Madu ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Sai dariya ta kama shi, ya yi ta yi har ya dafa kafaɗar Hamma, hawaye na zuba, shi kansa bai san na dariyar ne ko na wani abu daban ba. Kujera dai ta tafi, amma bai taɓa jin zuciyarsa ta cika haka ba.

"Kai ma kana ciki?" ya tambaya a hankali.

"Ni ne na farko," in ji Hamma. "Ina ta kallon wannan mummunar ƙeyar taka, ina roƙon Allah kada ka yi wauta."