Sa Hannun Munzali

Kwana biyar da haihuwar Suwaiba, ko ɗigon ruwan nono bai zo ba. An dama mata kunun kanwa, an jiƙa mata saiwoyi, ta sha har ta gaji. Jaririn sai tsala kuka yake.

Shekara biyu ke nan da aka yi mata tiyata a Kano. Tun tana budurwa nonuwanta suka yi mata nauyin da ya wuce misali, bayanta ya ranƙwafa, ko surfe ba ta iya yi. Aka rage su, ta dawo garinsu Durba ta miƙe kamar kowa.

Ran na shida ta matsa wa mijinta Munzali ya kai ta asibiti a Rano. Ma'aikaciyar jinya ta duba tabon ɗinkin, ta karanta takardun Kano, sannan ta yi mata bayani. Aikin iri biyu ne. Akwai wanda ake barin kan nonon manne da namansa, hanyoyin ruwa ba sa tsinkewa duka. Nata kuwa, saboda girman, cire kan aka yi ɗungurungum aka sake dasawa. Ruwa ba zai zo ba. Ta nuna mata inda aka rubuta an sanar da miji, ga sa hannunsa.

Da suka fito bakin ƙofa, Suwaiba ta dubi Munzali.

"Malam, ashe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce likita ya gaya masa a ofis, shi kuma ya ga in ta ji za ta fasa, ga wahala ta yi mata yawa.

"Jikinka aka yanka ko nawa? Da ka gaya min, wallahi da na yarda. Amma ka zuba min ido ina ɗirkar kunu, Innarka tana gaya wa 'yan barka wai rowar nono nake yi wa ɗana."

Ta ƙi hawa babur ɗinsa. Ta rungumi jaririn ta shiga motar Kibiya, ta sauka gidan ƙanwarta Jannatu mai goyo. Jannatu ta karɓe shi ta ba shi nono, ya sha ya yi barci.

Washegari aka yanka rago a Durba babu mai jego babu jariri. Munzali ya aiko har sau uku. Ta ce ba ta dawowa sai ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya faɗi abin da ya yi, tana ji.

Sai da ya yi kwana goma sha ɗaya kafin ya iya.