Tutar Puri a Ranar Guguwa

Shekara ɗari takwas ke nan zuriyarmu ke sauya tutar haikalin abin bautarmu Jagannath a garin Puri da ke bakin teku. Kowace yamma ɗayanmu zai hau hasumiyar dutsen, ba takalmi ba igiya, ya kwance ta jiya ya ɗaura sabuwa a jikin ƙaton zoben ƙarfen da ke ƙololuwa. Kakanninmu sun ce in aka tsallake rana ɗaya, sai an rufe haikalin shekara goma sha takwas.

Ranar da guguwa ta taso daga teku, ni ke da hawa. Tun tsakar rana aka kwashe masu ziyara, farfajiyar da kullum ba wurin sa ƙafa ta zama wayam. Matata Kuntala ta biyo ni har gindin hasumiya.

"Niranjan, kwanon rufi ma tashi yake yi, balle kai da ba ka kai buhun shinkafa nauyi ba!"

"To ki riƙe min ƙafa," na ce. Ba ta yi dariya ba.

Yayana Padmalochan na tsaye gefe. Shekara bakwai rabonsa da hawa, tun ranar da ya zame ya karya kafaɗa. Ya dubi sama ya ce, "Bi ta yamma, ƙanena. Kada ka ɗago kai."

Na naɗe tutar a ƙugu na fara hawa. Dutsen ya jiƙe, santsi kamar an shafa mai. Ruwa na dukan bayana kamar tsakuwa. Na wuce rabi ke nan sai iska ta ɗage ni, ƙafafuna biyu suka bar dutse, na rage a rataye da yatsu. Da na samu na maida su, sai cinyar dama ta ƙage. Na kasa gaba, na kasa baya. Na manna goshi da dutse ina kiran sunan Jagannath.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai na ji an damƙi idon sawuna.

"Tsohon banza, barci ka zo yi nan?"

"Yaya! Kafaɗarka!"

"Rufe min baki. Taka kaina ka hau."

Na taka. Haka muka ƙarasa, yana tura ni, yana nishi, yana zagina. A ƙololuwa ba a iya tsayuwa. Tsohuwar tutar ta yage, saura ƙyalle. Yaya ya saƙala hannu ɗaya a ƙarfen zoben, ɗayan ya rungume ƙuguna. Sau biyu igiyar tutar tana kuɓuce min. A na uku na kama ta da haƙori, na ƙulla, na ƙara ƙulli. Tutar ta buɗe da ƙara kamar an harba bindiga.

Saukowa ta fi hawan wuya. Da muka taka ƙasa, hannun Yaya na hagu yana lilo, kafaɗar nan da ta taɓa karyewa ta goce. Kuntala ta kai min duka a ƙirji, sannan ta durƙusa ta taɓa ƙafafun Yaya don girmamawa, tana kuka.

Ba mota ko ɗaya a titi. Ni da wasu masu dafa abincin haikali su biyu muka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa, ruwa har gwiwa, muka nufi asibiti.